Gadon Ƙasa

Lahadi, da yamma

Kaka gwiwarta ta tashi, da kyar take kai kanta tsakar gida. Babansu lafiya, sai babban yatsan da ya buge da guduma a shago, farcen ya yi baƙi. Auta mura, tana ta jan hanci, ta ƙi shan magani. Ni ciwon kan nan na gefe ɗaya. Tsakuwa lafiya lau. Bana duk lafiya lau ta yi, bara ma haka.

Da girmana na koyi rubutu, bayan na yaye Auta, don in iya karanta abin da ke jikin kwalbar maganin Tsakuwa ba sai na nemi wani ba. Malamarmu ta ajin manya ta ce hannun da ya koya a makare saurin mantuwa gare shi. Shi ya sa nake ɗan rubutu a bayan littafin da nake sa awon labulen mutane.

Jami'a ta ba Tsakuwa gurbi. Karatun ƙasa da duwatsu za ta yi. Tun tana rarrafe take cika hannu da tsakuwa, daga nan sunan ya bi ta, har yau in zan wanke kayanta sai na zazzage aljihu. Ranar Laraba an ce sababbin ɗalibai su zo da iyayensu su ga wurin. Wani gari ne, in ka fita da asuba sai hantsi ya dubi ludayi za ka isa. In ta tafi, a can za ta riƙa kwana.

Babansu sai murna yake, ya gaya wa duk wanda ya zo karɓar kujera. Ni ma ina murna. Na rubuta ina murna.

Litinin, da hantsi

Tsakuwa tana da shekara bakwai abin nan ya fara zuwa mata. Ta faɗi, jiki ya sandare, ya kama karkarwa, daga baya barci ya ɗauke ta, ta farka ba ta san me ya faru ba. A gidan nan ba ma kiran sunansa, abin nan muke cewa. Tun lokacin Babansu ya cire sakatar banɗaki da ta ɗakin yara, ni kuma na kwashe shimfiɗata na koma ɗakinsu, kusa da katifarta. Har yau a can nake kwana.

Ɗazu tana gugar rigar da za ta sa ta ce, “Umma, abu ɗaya nake roƙonki.”

Na ce, “Na san shi.”

“To faɗa in ji.”

“Kada in buɗe baki a kan abin nan.”

“Ko an tambaye ki.”

Auta tana kwance da tsumma a hanci ta ce, “Umma ta yi shiru? Sai dai in a sa bakin a keke a bi shi da ɗinki biyu.”

Na jefe ta da murfin zare. Muka yi dariya. Na yi alkawarin.

Talata, da rana

Na ɗinke labulen matar mai kemis a juye. Duk yinin nan farka shi nake.

Laraba, da almuru

Mun dawo. Yau ba zan iya ba.

Alhamis, da yamma

Kaka da sauƙi. Auta ta warke. Babansu bai je shago ba. Tsakuwa tana kwance, gefen harshenta ya fashe, ruwan shayi kawai take iya sha. Abin nan ya zo mata a bas, a hanyar dawowa.

Bari in fara da na daɗi.

Wurin girma gare shi. Bishiyoyi ma kowace da sunanta a allo an kafe mata a jiki, na tsaya zan karanta ɗaya Tsakuwa ta ja ni. Aka raba mu rukuni-rukuni. Mu aka ba mu wata ɗaliba 'yar aji uku, doguwa, baƙa, tana ɗaga lema ruwan ɗorawa a rufe don kada mu ɓace mata. Kowa Mai Lema yake ce mata. Da baya da baya take tafiya tana mana bayani, ko tuntuɓe ba ta yi.

Ta ce, “Wannan laburare ne. In mutum ya gaji da barcin aji, nan yake zuwa ya ƙarasa.” Iyaye maza suka yi dariya, wata uwa ta ɓata rai.

A sashensu Tsakuwa aka kai mu wani ɗaki mai sanyi, bango duk durowoyi ne siraran gaske, kowace in an jawo cike take da duwatsu a jere. Babansu ko kallon duwatsun bai yi ba, durowar yake jawowa yana mayarwa, yana cewa wanda ya haɗa wannan ya san itace. Wani malami mai furfura ya sa ɓallin dutse da aka yanka siriri kamar fatar albasa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ya ce wa zai fara. Yara suka tsaya kallon juna. Tsakuwa ta wuce.

Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago ta ce, “Umma, zo ki gani.” A gaban mutane ta ce haka, ba ta ji kunyata ba. Na leƙa. Dutsen da yake toka-toka a hannu, a ciki shuɗi ne da ja da kore, kamar an zubar da kwandon ƙyallayena a ƙasa. In ta juya abin, launin ya sauya. Na ɗago na dube ta. Rabon da in ga fuskar nan haka na manta.

Malamin ya ba ta wani ɗan dutse baƙi ya ce ta dawo masa da sunansa ranar da aka buɗe makaranta.

Hannuna ya gaji. Gobe.

Juma'a, da safe

Daga nan aka kai mu ɗakunan kwanan mata. Bene ne. Kowane ɗaki mutum huɗu, gado biyu na ƙarfe masu hawa biyu. Ƙasa siminti ne tsirara. Labulen tagar an rataye shi da igiyar shanya, ko kalmasa babu.

Wata yarinya ta tambaya yaya ake rabon gado. Mai Lema ta ce, “Doka ce da ba a rubuta ba. Tsofaffin ɗalibai ƙasa, sababbi sama. Ni ma shekara guda na yi ina gaisawa da fanka. Sai fa in wata babba ta zaɓe ki ɗakinta ta bar miki nata don kanta, wannan kuwa sai ki yi ta wanke mata kwano har ki gama makaranta.”

Aka yi dariya. Babansu ya je ya tsaya jikin gadon. Na saman ya kai masa kafaɗa. Ya shafa gefen, babu makari. Ya buga siminti da dunduniya. 

Na zame na shiga banɗaki. Ƙofofin ƙarfe ne, kowace da sakata ta ciki, mai kauri. Na tura ɗaya na zare, na sake turawa. Ina juyowa na ga Mai Lema a bayana.

“Mama, ke banɗaki kika fi dubawa a kan aji.”

Maganar ta taho mini har bakin leɓe. Sai na ji hannun Tsakuwa a wuyan hannuna, ta matse. Na ce, “Tsafta nake dubawa, 'yar nan.”

Mai Lema ta karɓi wayata ta sa mini lambarta da kanta. Ta ce, “Duk uwa sai ta kira a makon farko, ba ke kaɗai ba ce. Ki kira kawai, ba na gajiya.”

Na cika alkawari. A rubuta mini wannan.

Juma'a, da yamma

Bas ɗin cike yake, rana ta bugi gefenmu. Tsakuwa tana jikin taga tana juya dutsen nan a hannu tana ba Babanta labarin abin da za a koya musu a shekarar farko. Tana tsakiyar magana ta yi shiru. Na san shirun.

Na ce direba ya tsaya. Na kwantar da ita a tsakanin kujeru, ta gefe, na sa gyalena ƙarƙashin kanta. Wani mutum ya taho da cokali zai tura mata a baki, na buge hannunsa. Wata ta kwance gorar ruwa za ta sheƙa mata. Wata kuma ta janye ɗanta ta rufe masa ido, tana cewa kada yawun ya taɓa shi. Duk na saba da waɗannan.

Babansu ne bai saba ba. Shekarun nan duka, in abin ya zo yana shago, sai an aika ya taho ya tarar tana barci, na riga na share wuri na canza mata kaya. Bai taɓa gani daga farko har ƙarshe ba. Yana tsaye riƙe da jakarta. Da rigarta ta jiƙe, ya cire tasa ta sama ya rufa mata, ya zauna da singileti har muka iso gida.

Dutsen ya gangara ƙarƙashin kujera. Wani fasinja ya tsinto ya miƙo mini da za mu sauka.

Asabar, da hantsi

Babansu ya ce ba za ta je ba.

A tsakar gida ya faɗa, yana ɗaure takalmi, bai dubi kowa ba. “Na ga gadon, na ga simintin, na ga sakatar. Na kuma ga abin. A bar maganar.”

Kaka ta ce, “Kai da ka cika unguwa da labari?”

“Inna, a bar maganar.”

Na ji wani sanyi ya sauko mini a ƙirji. Abin da nake roƙo a raina ke nan tun ranar da sakamako ya fito, ban taɓa faɗa wa kowa ba, ga shi an ba ni ba tare da na buɗe baki ba. Na shiga ɗaki na ɗora labule a keke, na yi ta taka shi don kada a ga fuskata.

Tsakuwa tana jin komai daga ɗaki. Ba ta fito ba.

Lahadi, da yamma

Kowa lafiya. Tsakuwa ta ci abinci.

Talata, da rana

Da ta yi kuka da na san abin yi. Ba ta yi ba. Ta ce wa Babanta to. Ta tashi da wuri ta yi shara, ta wanke wa Kaka kaya, ta ce in koya mata sa ƙugiyar labule tunda dai zama ya kama ta.

Duwatsunta da suke jere a kan taga shekara da shekaru ta kwashe a bokiti ta kai lungun bayan kicin. Babban cikinsu ta tokare ƙofar kicin da shi. Auta ta ce, “Yaya, wannan ba shi ne kika ce ya girmi duk mutanen duniya ba?” Ta ce, “To ai ga shi ya samu aiki.”

Kaka ta kira ta, “Malamar duwatsu, zo ki matsa mini ƙafa.” Ta je ta matsa. Da ta tashi Kaka ta ce mini a hankali, “Yarinyar nan an kashe mata fitila. Ke kuma na ga kin yi ƙiba a kwana uku.”

Na tashi na koma kan kekena.

Laraba, da yamma

Ta iya sa ƙugiya. Layinta ya fi nawa miƙewa. Na duba na ji kamar in yayyage labulen.

Alhamis, bayan mun dawo asibiti

Likitarta ce ta kullum, mace mai ƙaramar murya. Ita ba ta cewa abin nan. Farfaɗiya take cewa, kai tsaye, kamar mai cewa mura. Duk sanda ta faɗa sai na dubi ƙofa.

Ta tambaya ko an tsallake magani. Na ce ko sau ɗaya, ni nake ba ta da hannuna. Ta tambayi rana, ta tambayi abinci. Sai ta juya wajen Tsakuwa ta ce, “Daren da za ku yi tafiyar, kin yi barci?”

“Kaɗan.”

“Zumuɗi?”

Tsakuwa ta tsaya kallon yatsunta. Likita ta ce ta faɗa, rashin barci yana cikin manyan abin da ke tayar da shi.

Ta ce, “Umma tana taɓa ni.”

Na ce, “Ina me?”

Ba ni ta duba ba, likita ta duba. “Tana sa hannu a hancina ta ji ko ina numfashi. Ta taɓa goshina, ta gyara mini wuya. Kullum ne, sau biyu, sau uku. In hankalinta a tashe yake ya fi haka. Daren nan kam ba ta bari na rufe ido ba.”

Na ce, “Ai ba kya farkawa. Ban taɓa ganin kin motsa ba.”

“Ina farkawa, Umma. In na motsa sai ki tashi zaune ki kunna fitila. Shi ya sa nake lafewa har ki koma.”

“Tun yaushe?”

“Tun ina firamare.”

Likita ta yi ta rubutu ba ta ɗago ba, Allah ya saka mata. Daga baya ta ce ba za ta ce wannan kaɗai ne ya jawo ba, za ta ɗan ƙara maganin. Ta ce yara irinta da yawa suna jami'a suna gamawa. Abin da ake bukata barci isasshe, gado na ƙasa, da mutum ɗaya a ɗakin da ya san abin da zai yi. Ta ce za ta rubuta wa asibitin makarantar, amma asibiti ba ya kwana a ɗaki.

A hanya Tsakuwa ta ce, “Umma, ki yi haƙuri.” Na ce na me. Muka tsaya na saya mata lemo, ta riƙe ba ta sha ba.

Juma'a, da safe

Na kwashe shimfiɗata daga ɗakin yara. Babansu ya ga na shigo da filo ya ce, “Baƙuwa muka yi?” Na ce matsa.

Asabar, da safe

Na tashi. Na je har bakin ƙofa. Ban shiga ba.

Lahadi, da hantsi

Na tashi sau da yawa. Ban shiga ba.

Rana ta fito, Auta ta fito, ita shiru. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina share wuri ɗaya. Auta ta ce, “Umma, za ki huda ƙasar nan. Tana nan da ranta, minshari ma take kamar injin markaɗe.”

Sai da hantsi ta fito, ido a kumbure, shatin filo a kumatu. Ta yi miƙa ta ce, “Ashe haka mutane suke ji da safe.” Da wasa ta faɗa. Na shiga kicin na daɗe.

Litinin, da yamma

Ranar Juma'a mai zuwa ake rufe zaɓen ɗaki. Wanda bai zaɓa ba an ɗauka ba zai zo ba, a ba wani gurbin.

Na kai wa Babansu abinci shago da kaina, abin da na daɗe ban yi ba. Yana yankan katako. Na jira ya ajiye zarto.

Na ce, “Baban Auta, a bar yarinyar nan ta tafi.”

Ya dube ni. “Ke? Ke da na ga kin samu barci ranar da na hana?”

“Ni.”

“Ba ki ga abin da na gani ba?”

“Sau nawa na gani kafin ka gani?”

Ya zauna a kan benci ya buɗe kwanon ya rufe. Ya ce tun ranar in ya rufe ido gadon nan yake gani, da simintin. Ya ce shi kafinta ne, ya san abin da tsayin kafaɗa yake yi wa ƙoƙon kai. Na gaya masa abin da likita ta ce, har da na hannuna. Ya daɗe yana kallon hannun.

Ya ce, “To. In an samu wadda za ta bar mata gadon ƙasa, ta kuma san komai, ta yarda da bakinta, ba zan hana ba. Amma 'yar wa za ta yarda? Kin ga matar nan ta cikin bas.”

Na ce na gan ta. Na kuma ga wanda ya tsinto dutsen.

Talata, da safe

Na ce bari in gaya wa Mai Lema, in roƙe ta gadon. Tsakuwa ta ce a'a.

“Gara in zauna in yi ta sa ƙugiya. A unguwar nan kowa ya sani. A makaranta kowa ya sani, in na shigo aji sai a matsar da benci. Can ne kaɗai wurin da zan shiga a ce ga yarinyar nan mai son duwatsu. In kin faɗa wa mutum ɗaya, kafin sati bene duka ya ji, in koma yarinyar nan mai faɗuwa. To me na je yi?”

 Gaskiyarta ce.

Talata, da yamma

Muna kalmasa labule, ita ta kama can ni na kama nan. Na ce, “Kin tuna sanda na shiga ajin manya?”

“Kina cewa maƙwabta kin tafi sayo zare.”

“Wa ya sani?”

“Baba.”

“Babanki ya ɗauka sati biyu zan yi in bari. Wa yake riƙe mini hannu in na dawo, yana cewa Umma wannan harafin cikinsa gaba yake kallo ba baya ba?”

Ta yi murmushi ba ta ɗago ba.

“Kina 'yar ƙanƙanuwa, bakinki ba ya rufuwa, ko me aka dafa a gidan nan sai layi ya ji. Kin taɓa faɗa wa wani uwarki ba ta iya rubuta sunanta ba?”

“A'a.”

“To akwai masu riƙe magana. Ban ce Mai Lema tana cikinsu ba, ban san ta ba. Na dai ga ta lura da ni a banɗaki, ba ta kuma yi mini dariya a gaban mutane ba.”

Muka kai ƙarshen labulen. Ta cire allurai daga bakinta ɗaya bayan ɗaya ta soke a matashi.

Ta ce, “Mutum ɗaya, Umma. Ba ɗaki ba, ba bene ba. In ta ƙi, shi ke nan, kada ki nemi wata.”

Na miƙa mata wayar na ce ta rubuta, ta fi ni hannu. Ta ture. “Ni ban taɓa gani ba. Ban san me ake yi mini ba. Ke kika sani.”

Ta fita lungun bayan kicin. Ina jin ƙarar duwatsu a bokiti.

Talata, da almuru

Kaka lafiya. Babansu ya dawo da wuri, yana zaune a ƙofar ɗaki wai yana gyaran kujerar da ba abin da ya same ta. Auta na kore ta wajen Kaka. Tsakuwa lafiya lau.

A nan na fara rubutawa kafin in kwafa a waya, don kada in yi kuskure. Na tura.

“'Yata Mai Lema, barka da yamma. Ni ce matar da kika tarar tana duba sakatar banɗaki ranar ziyara. Ba tsafta nake dubawa ba.

'Yata da kika gani tare da ni tana da farfaɗiya. Da saninta nake gaya miki, ke kaɗai, ko kin yarda da abin da zan roƙa ko ba ki yarda ba ina roƙon ya tsaya a wurinki. Ba a ɗauka. Tana shan magani, takan yi shekara biyu bai zo ba. Ba za ta iya kwana a gadon sama ba. Ina roƙon ki zaɓe ta ɗakinki ki bar mata naki na ƙasa. Na san kin riga kin yi shekararki a sama, ba ƙaramin abu nake nema ba.

In ya zo, za ta yi shiru tukuna. Ki kwantar da ita ta gefe, ki sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta, ki janye duk abin da za ta buge. Kada ki danne ta. Kada ki bari a sa mata komai a baki, kada a zuba mata ruwa. Ki duba agogo, in ya wuce minti biyar a kira asibiti. Yawanci ba ya kaiwa. Ki rufa mata zane, ki kori 'yan kallo. In ta farfaɗo za ta tambaya me ya faru, ki gaya mata gaskiya da murya ta yau da kullum. In za ta shiga wanka ta gaya miki, kada ta sa sakata.

Sauran kwanaki duka ba ruwanki da ita. Tana da surutu in ta saba, za ta cika miki taga da duwatsu. In tana barci ki bar ta ta yi barcinta, kada ki duba ta.

In ba za ki iya ba, ba ki yi laifi ba, ke ma 'yar wasu ce, karatu aka aiko ki. Ranar Juma'a ake rufe zaɓen ɗaki. Don Allah ki ba ni amsa kafin Alhamis, ko da a'a ce, don in san fuskar da zan shiga ɗakinta da ita.”